Kankanar da Ta Raba Ni da Sitiyari

Shekara tara na yi ina jan kaya daga kasuwar Al-Aziziya, a nan ƙasar Larabawa, zuwa gidajen abinci, ban taɓa gogar motar kowa ba. Ko madubi ban fasa ba.

Kafin tuƙi, gini nake yi. Wata rana katakon da muke takawa mu yi filasta ya goce, na faɗo daga hawa na biyu, kaina ya bugi bulo. Na kwanta a asibiti. Ƙashi ya haɗe, ɗinki ya warke, abu ɗaya ne ya ƙi tafiya. Idan ina tsaye ko ina zaune, idona ya tsaya a kan abin da ke juyawa, sai ƙasa ta karkace. Fankar sama, in na zuba mata ido. Talabijin ɗin shagon aski, in suka sa tallan nan mai wulwulawa. Jiri ya ɗebe ni, amai ya biyo baya, in yi awa guda ko biyu ban san gabas ba. A kan titi kuwa bai taɓa zuwa mini ba, domin a mota ni da idona tare muke tafiya.

Na gane ciwona, na daina kallon abin da ke tada shi, na kuma rufe bakina. Direban da aka ji kalmar jiri a kansa ya gama tuƙi. Iƙamata kuma, takardar zaman ƙasa, a kan wannan aikin take.

Kamfanin da nake yi wa aiki yana sarin kayan gwari da 'ya'yan itace. Da can, mudir, wato shugabanmu na direbobi, shi ke tsayawa a bakin sito bayan sallar asuba, da takarda a hannu, yana kiran lambar mota. Kai, albasa da tumatir, Al-Nasiriya. Kai, lemo da ayaba, arewacin gari. Ka ji, ka loda, ka tafi. Ban yi boko ba, ɗan karatun da na iya a jikin kwali na tsince shi. Wannan tsarin bai taɓa tambayata takardar makaranta ba.

Sai aka ce an ci gaba. Aka turo wa kowane direba saƙo mai shuɗin rubutu. Ka danna shi, ya kai ka shafin kamfani a intanet. Can za ka ga tafiyarka ta ranar, da koren maɓalli a ƙasa. In ka danna koren, ka karɓa. In ka yi jinkiri kaɗan, tafiyar ta wuce ga direba na gaba, kai kuma a ɗauka ka ƙi aiki. Wannan bai dame ni ba. Kore dai kore ne, ba sai an je makaranta ba.

Abin da ba a faɗa mana ba shi ne abin da ke gaban koren.

Da ka danna shuɗin rubutun, fuskar wayar za ta yi baƙi ƙirin. Sai kankana ta taho daga nesa tana juyawa, tana girma, har ta cika wayar. Ta fashe. Yankakkenta su watse, lemo da rumman su biyo suna mirginawa, shafin gaba ɗaya ya juya kamar an wulla faranti, farin haske ya walka sau uku, sannan haruffan sunan kamfani su taru ɗaya bayan ɗaya, ana kiɗa. Sai bayan duk wannan koren zai fito. Babu inda za ka danna ka wuce. Kullum, duk buɗewa.

Ranar farko na kalla, don ban san me ke zuwa ba. Ban ga ƙarshensa ba. Na tsinci kaina zaune a jikin tayar mota, waya a ƙasa, shayin safe na dawowa.

Akwai wani direba da muke ɗaki ɗaya da shi, Bazazzagi. Ni mutumin ƙauyen Kano ne, don haka ba ma gaisawa sai da tsiya. Shi ya same ni a haka.

Ya ce, “Kai, Bakano, lafiya? Ko an ce maka an ƙara kuɗin haya ne?”

Na nuna masa wayar da ƙafa.

Ya ɗauka, ya duba, ya dube ni. “Kankana? Kankanar hoto ce ta kayar da ƙato irinka?”

Na ce, “Danna koren, ka rufe mini baki.”

Ya danna. A hanyar masallaci da azahar na gaya masa labarin faɗuwata. Bai yi dariya ba. Ya ce zai riƙa buɗe mini. Ya yi hakan kwana biyar, sai aka mayar da shi lodin farko, yana fita tun kafin tawa tafiyar ta shigo. Na koma ni da kankana.

Na gwada rufe wayar da tafin hannu. Hasken yana ɓullowa ta tsakanin yatsu. Na gwada kifa ta a kan kujera in jira, jiran ya yi yawa, tafiyar ta wuce. Kiɗan ma ba ya taimako, domin yakan ƙare kafin juyin ya ƙare, ga hayaniyar kasuwa. Abin da nake buƙata shi ne in san daidai lokacin da zan buɗe ido, ba kafin ba, ba bayan ba.

Sai na auna shi da istigfari. Bazazzagi ya riƙe wayar ranar Juma'a yana kallo, ni na rufe ido ina ja a gaɓoɓin yatsu. Da koren ya fito ya ce tsaya. Goma sha bakwai. Muka sake, goma sha bakwai. Shi ke nan. Kullum da safe in danna shuɗin rubutu, in runtse ido, in ja goma sha bakwai, in buɗe, in danna kore.

Sauran direbobi suka ce na shiga ɗariƙa. Wani ya fara kirana ya shaikh, yana miƙo hannu in yi masa addu'ar samun mata ta gari. Na bar su. Gara a ce na cika ibada da a ce ina jiri.

Wata bakwai na yi a haka. Ina tsaye a tsakiyar kasuwa, baro na wucewa ta gabana, motoci na ja da baya, ni kuwa ido a rufe kamar wanda ake yi wa aski. Namiji da furfura a gemu. Ban taɓa sabawa da shi ba. Kowace safiya sai raina ya ɓaci kafin in tada mota. Kankana a kafaɗa nake ɗaukarta, na san nauyinta, na san wadda ta nuna daga ƙararta. Wane ne ya zauna ya yanke cewa sai na kalli rawarta kafin a ba ni aiki?

Azumi ya zo. Ranar ɗaya ga wata ina tsaye a bayan mota, a kan murfin da ake saukewa, ina gyara igiya. Kuskurena ke nan, na saki jiki har ina buɗe shafin a tsaye a sama. Na danna, na runtse, na ja goma sha bakwai, na buɗe.

Sun canja shi. Sun ƙara masa tsawo saboda azumi. Na buɗe ido a tsakiyar fitilu masu lilo dama da hagu, jinjirin wata yana kewaye su a guje, kankanar kuma tana nan, a lokacin ma take fashewa.

Na sauko ta gefe, a kan kwalayen tumatir. Da na dawo hayyacina, rigata ja ce jawur, mutane sun kewaye ni suna zaton jini ne. Sahur ɗina yana ƙasa. Bazazzagi bai fita ba tukuna a ranar, shi ya ture su ya tallafe ni.

Mudir ya leƙo daga bakin sito. “Me ya same shi?”

Bazazzagi ya ce, “Azumi ne, ya mudir. Mutanen Kano ba su iya yunwa ba.”

Mudir ya yi dariya. “Tun rana ta ɗaya? Ko rana ba ta fito ba!” Aka yi ta dariya. Ni ma na yaƙe haƙora, don abin da ya fi mini sauƙi ke nan.

Bazazzagi ya raɗa mini a kunne, “Azuminka na nan, ba kai ka jawo aman ba.” A lokacin ba azumi nake tunani ba. Tafiyar ta wuce.

Muka sake awo. Ashirin da shida. Bayan kwana huɗu suka sake canjawa, wai gaisuwar Juma'a. Ranar Asabar suka dawo da na fitilu, amma gajere. Lissafina ya zama banza. In na buɗe da wuri, in sha jiri. In na ƙara don tsoro, in tarar tafiyar ta tafi. A mako guda sau uku ta wuce ni. Mudir ya kira ni gefe, ya ce ba ya son magana mai tsawo, in ba na son aikin akwai masu so.

Bazazzagi ne ya binciko cewa wanda ya yi shafin ɗan gida ne. Injiniya, daga Nijeriya, Bahaushe, yana zama a ofishin kamfani da ke hawa na sama. Ban taɓa hawa can ba. Ranar na sauke kaya, na wanke fuska, na hau da kayan aikina.

Saurayi ne, da tabarau, ɗaki mai sanyi, kwamfuta biyu a gabansa. Da ya ji Hausa a bakina ya miƙe tsaye ya ba ni kujera.

“Sannu da zuwa, Baba. Ya ibada? Ya iyali?”

Na ce, “Kai ka yi kankanar nan?”

Fuskarsa ta washe. “Ni ne, Baba. Ka san fashewar nan kaɗai kwana nawa ta ɗauke ni? Kowane ƙwallo sai da na…”

“Cire ta.”



Ban iya doguwar magana ba, amma ranar na yi. Na gaya masa katako, da bulo, da fanka, da goma sha bakwai, da tumatir. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

Ya ce, “Subhanallahi. Me ya sa ba ka faɗa ba tun farko?”

“In faɗa wa wa? In ce ni direba ne mai jiri?”

Ya ce in ba shi wayar. Ya shiga can ciki, ya taɓa wani wuri. Ya ce kusan kowace waya tana da wannan, wurin da mutum ke gaya mata ba ya son abubuwa su riƙa motsi, an yi shi ne don masu irin ciwona. Ya ce yanzu an gama, sai ya buɗe shafin don ya nuna mini. Na mai da fuska bango. Na ji kiɗan ya tashi yadda ya saba. Ya ƙare. 

Na ce, “Ta tsaya?”

“Ba ta tsaya ba.”

“To?”

Muryarsa ta yi ƙasa. “Wayarka ta faɗa wa shafin ba ka son motsi. Shafin ne bai saurara ba. Ni ne ban sa masa wannan ba. Na san da shi, mun karanta shi. Ban ɗauka akwai mai buƙata a nan ba.”

“A nan ba mutane ba ne?”

Ya mayar da tabarau a fuskarsa.

Na ce, “Gyaran kwana nawa zai ci?”

“Ba kwana ba ne, Baba. In na zauna yanzu, kafin la'asar na gama. In sa hoto tsayayye ga wanda ya kashe motsi, in sa wurin tsallakewa ga kowa.”

Kafin la'asar. Wata bakwai ina tsaye a kasuwa ido rufe, a kan aikin da ba ya kai la'asar. Na riƙe hannun kujerar da ƙarfi, don ina azumi.

Na ce, “To zauna.”

Sai ya ce akwai matsala. Ba ya taɓa shafin sai da izini. Ɗan mai kamfani yana son kankanar ƙwarai, ita yake fara nuna wa baƙi. Duk canji sai an rubuta takardar nema, an faɗi dalili.

Na ce, “Rubuta musu cewa tana ɓata lokaci.”

“Na taɓa faɗa, suka ce kwalliya ce, a bar ta. Amma in suka ji tana cutar da mutum, dole su yarda.”

Na miƙe. Na ce, “Injiniya, ka dube ni da kyau. Kada sunana ya shiga takardar nan. Kada lambar motata ta shiga. In sun san ni ne, sun karɓe makulli.”

Ya ɗora hannu a ƙirji. “Wallahi, Baba, ba zan sa ba.”

Bai sa ba. Wannan na shaide shi.

Bayan kwana uku gyaran ya fito. Na danna shuɗin rubutu, na runtse ido saboda sabo, ban ji kiɗa ba. Na buɗe ido ɗaya. Ga kankana a zaune, rabi guda, ba ta motsi, ga koren a ƙarƙashinta. Na danna. Na zauna a mota ina kallon wayar kamar wawa. Ashe haka sauran mutane ke fara safiyarsu.

Ashe ma ba haka ba ne. A wayoyin sauran, wani ɗan farin maɓalli ya fito a sama, na tsallakewa, kuma duk wanda na gani shi yake dannawa. Wani direba ɗan Pakistan, dattijo, ya ce mini hasken nan mai walƙiya kullum sai ya bar shi da ciwon rabin kai har azahar. Shi ma bai taɓa faɗa ba. Wani mai tsohuwar waya ya ce tasa a tsakiyar fashewar take maƙalewa, sai ya kashe ya kunna. Kowa da abin da yake haɗiyewa, kowa ya yi shiru, ana ta kallon kankana.

Safiya uku na samu. Ta huɗu mudir ya aiko a kira ni.

Takardar injiniya tana kan teburinsa, an turo masa daga sama. Ya karanta mini, yana juyawa zuwa Larabcin kasuwa don in gane. Babu suna. Babu lamba. Abin da injiniyan ya rubuta shi ne, akwai wani direba da motsin shafin ke sa shi jiri saboda tsohon rauni a ka, har ya faɗo daga bayan mota ranar ɗaya ga azumi. Ya sa wannan ne don maganar ta yi ƙarfi. A ofishinsa na sama, wani direba wani direba ne kawai. A ƙasa kuwa, har mai shara ya san wanda ya faɗa cikin tumatir ranar ɗaya ga azumi.

Mudir ya ce, “Dokha?” Jiri ke nan a bakinsu. Ya miƙo tafin hannu.

Na ce, “Ba a mota ba, ya mudir. A waya ne. Kuma an gyara.”

“Direba mai dokha.”

“Ka duba takarduna. Ka nuna mini rana ɗaya da na kawo maka mota da ƙwarzane.”

“Na sani. Wallahi na sani. Ba daga ni ba ne.” Hannun dai yana miƙe.

Na ce zan kawo takardar likita. Ya ce in kawo. Na je, likita ya duba ni, ya jujjuya mini kai, ya sa na bi yatsansa da ido, ya rubuta gaskiya: abin da ke tada ciwon, da cewa bai ga abin da zai hana ni tuƙi ba. Na kai. Mudir ya aika sama. Amsar ta dawo a layi ɗaya. Kalmar dai tana cikin takardar likitan ma, kuma ita kaɗai suka gani.

Na ajiye makullin a kan tebur. Ban ba shi a hannu ba.

Ba su kore ni ba, kuma suna son in gode da hakan. Suka mayar da ni ɗakin sanyi, inda ake tsince ruɓaɓɓe daga mai kyau. Iƙama tana nan. Ina sa rigar sanyi biyu a garin da kwalta ke narkewa. Motar tawa wani ke janta, ina jin yadda yake murza mata giya daga inda nake, kamar yana niƙa tsakuwa. Bazazzagi yakan leƙo in ya dawo, ya ce, “Bakano, an sa ka a firji don kada ka lalace?” In ce masa ya tafi ya ba ni wuri. Ranar da ya ga ban amsa ba, ya daina faɗa.

Bayan salla injiniya ya sauko. Ban taɓa ganinsa a ƙasa ba sai ranar. Ya shigo ɗakin sanyi da 'yar rigarsa ta ofis, yana rawar ɗari, tabarau ya yi hazo. Ya durƙusa kaɗan ya gaishe ni.

Ya ce, “Baba, na ji abin da ya faru. Wallahi ban yi nufi ba. Na je wurinsu har sau biyu, na yi musu bayani, sun ƙi ji.”

Na ci gaba da tsince lemo.

“Na ɗauka in ban sa suna ba, shi ke nan. Ban yi tunani ba.”

Na ce, “Sau biyu ke nan.”

“Na'am?”

“Ba ka yi tunani ba da ka yi ta. Ba ka yi tunani ba da ka gyara ta.”

Ya sunkuyar da kai. Ya ce yanzu duk shafin da zai yi, da wurin tsallakewa yake farawa, kuma yana gwada shi da motsi a kashe kafin ya miƙa. Ya ce ya gaya wa abokan aikinsa. Na yarda gaskiya yake faɗa. Yaro ne mai kunya, ba mugu ba ne. Wani can da ban sani ba zai buɗe shafinsa gobe, ba zai faɗi ba. Madalla.

Ya tsaya yana murza hannu, yana jira in ce ba komai, yadda babba ke ce wa yaro in ya ba da haƙuri. Na san abin da yake jira. Na duba cikina ban same ta ba. Da komai.

Na ce masa ya matsa, ya tare hanyar baro.